Injin da Ke Tsoron Takwarata

A layinmu babu wanda bai san Sitati ba. Shi ne mai shagon wanki da guga a ƙasan benen da muke zaune, ni kuwa na raɗa masa sunan, don rigarsa saboda tsabar sitati ko ya tuɓe ya ajiye, tsaye take tsayawa ita kaɗai kamar mai jiran mota. Mutumin kirki ne, sai dai akwai baki. In ka ɓata masa da safe, kafin rana ta take har mai faci a bakin titi ya ji labari.

Da ruwan sama ya kama ba ƙaƙƙautawa, igiyoyin shanyarsa na saman bene suka zama na ado. Zannuwan gadon wani gidan baƙi da yake wanke wa sai su kwana su wuni a jiƙe, har su soma warin nan na kayan da bai ga rana ba. Dole ya nemi injin busar da kaya. Wanda ya samu kuwa, jikata ce ta kawo masa.

Jikar nan tawa 'yar ɗana na fari ce. Sunana aka sa mata, shi ya sa nake ce mata Takwara, ubanta kuma yana ce mata Mamana. Tun tana rarrafe ba ta ganin abu mai murfi ta bar shi a rufe. Ta kashe min rediyo, ta kashe agogon bango, da ta zo kan fankar ɗaki da ta daɗe da mutuwa sai ga shi ta tayar da ita. Da ta gama makaranta ta liƙe wa wani dattijo mai gyaran injuna a bayan kasuwa, ta koyi aiki a hannunsa. A can ta tsinci injin nan an yasar da shi, kyanwa har ta haihu a ciki. Ta wargaza shi kaca-kaca, ta wanke, ta sauya abin da ya mutu, ta mayar da kowane noti gidansa. Shi ne aikinta na farko da babu hannun kowa a ciki. Da kanta ta huda bangon shagon Sitati ta baya, ta zura bututun da iska mai zafi ke bi ta fita lungu.

Ɗana direban bas ne. Ba mugu ba ne, amma bai taɓa son sana'ar nan ba. Ya ce ya gaji da ganin baƙin mai a faratan 'yarsa. Yana da aboki mai kantin magani da ke neman yarinyar da za ta zauna a bayan kantar sayar da magani, ƙarƙashin fanka, da farar riga. Aka yi ta ja-in-ja har suka tsaya a kan magana guda, a gabana kuma aka yi ta: in injin ya zauna a shagon Sitati, ta ci gaba da sana'arta, ba zai ƙara cewa uffan ba, in an dawo mata da shi, ta ajiye sifana ta tafi kantin magani. Ita ta riga shi cewa ta yarda. Na miƙa ƙafa in taka ta, ban kai ba.

Da fari inji ya yi ta gurnani lafiya lau. Zannuwa na fitowa da ɗumi da ƙamshi, Sitati na kiran mutane daga titi su zo su taɓa. Ni kuwa na sauya hanyar zuwa kanti, duk inda za ni sai na bi ta gaban shagon, in tsaya in gyara takalmi ko da babu abin da ya same shi.

Sai abu ya juya. A zuba kaya, a danna, ya tashi da ƙarfinsa, can sai ka ji tsit. A sake dannawa, ko tari. Sai an bar shi ya huce kafin ya yarda ya tashi, ya ɗan yi tafiya, ya sake mutuwa. Da sassafe ba ya yi. Hantsi na yi zai soma. Abin haushin kuma, da an kira Takwara ta iso da akwatin kayan aikinta, sai ya miƙe ya busar da kaya tas, tun daga farko har ƙarshe, kamar yaron da ya hango bulala.

Sitati ya ce injin tsoronta yake ji, ta kwaso tabarma ta tare a shagon. A lokacin da dariya yake faɗa.

Akwai kuma uwarsa, wadda kowa ke kira Gwaggo. Ƙawata ce, tare muke gyara duniya da baki, ko da yake ita tana ƙara gishiri, ni kuwa abin da na gani nake faɗa. Gwaggo na da ciwon baya wanda ya fi ta suna a layin. Ba a gaishe ta a tsaye, don in ka ce ya jiki, sai ka nemi wurin zama. Duk sanda Takwara ta zo, ba a jimawa Gwaggo za ta ɓullo ta kwanar gini, tana jan 'yar kujerarta, da wani siririn matashi a hammata. Ta kafa kujera a bakin ƙofa ta zuba ido, tana yi tana sharhi. Ta ce a zamaninsu mace ba ta kwanciya a ƙasa ta leƙa gindin inji. Ta ce abin da kyanwa ta haihu a ciki ai ya gama aure. Ni in ce a zamanin namu ai injin ne babu, da akwai da an gan ta a ƙarƙashinsa tana neman labari. Daga ina take ɓullowa kuwa, ban taɓa tambaya ba.

Takwara aikinta kawai take yi. Ta fara da ƙofar injin, don ta ce akwai wani ɗan harshe da in bai kama da kyau ba, jijjiga kaɗan za ta sa inji ya ɗauka an buɗe shi ya tsaya. Ta ɗaure shi. Washegari inji ya mutu. Ta dawo ta duba bel ɗin da ke juya gangar, ta same shi garau. Ta kwance soket ɗin bango, ta bi waya ɗaya bayan ɗaya da wata 'yar na'ura mai ƙara kamar tsako. Ta zaro rariyar da ke tare audugar nan mai toka-toka da ke fita daga jikin tufafi, ta wanke ta har da buroshin haƙori, nawa ne ma, daga baya na gane.

A gida take yi min bayani ina tsince shinkafa. Ta ce duk alamu sun nuna zafi ne ke yi masa yawa. Akwai wani ɗan abu a ciki, bai fi kan kwalba ba, aikinsa kenan, da ya ji zafi ya wuce misali sai ya yanke wuta don kada gobara ta tashi. Ta sauya shi da sabo, ko tsohon ne ke ƙarya. Sabon ma ya faɗi abin da tsohon ya faɗa.

“To ba ƙarya suke yi ba, Kaka,” in ji ta. “Iska ce ba ta fita. Amma ta ina?”

Ta cire bututun gaba ɗaya, ta leƙa ta hango haske. Ta zaga lungu, ta zura hannu har kafaɗa ta bakin da ke waje. Babu sheƙar tsuntsu, babu tsumma, babu komai. Ta dawo da hannu baƙi ƙirin da fuska a murtuke.

Daga nan dariyar Sitati ta ƙare. Masu gidan baƙi sun aiko masa cewa in zannuwa suka ƙara makara za su kai wani wuri. Ya tare ɗana a bakin bene, a gaban mai faci da duk wanda ke da kunne, ya ce don Allah ranar da ba ya aiki ya zo da bas ya ɗauke masa wannan jarabar. Ɗana ya juya ya hau bene. Da yamma sai ga shi da farar riga a cikin leda, ya zare ta ya rataye a ƙusar da ke bayan ƙofar falo. Bai kalli kowa ba. Uwar yarinyar ta shige kicin ta soma wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Takwara ta zauna ta tasa abinci a gaba tana juya cokali. Ni kuwa maganin da na sani na ɓacin rai guda ne, sai na jawo kujera na soma ba ta labarin layi. Na ba ta na matar mai faci da ta sayi labule irin na maƙwabciyarta sak. Ko gezau. Sai na sauke murya na ce ina zargin Gwaggo ta yi saurayi. Ta daina zuwa aron man zafina. Ta soma tafiya a miƙe. Ga wani ƙamshi da take yi kwanan nan, kai ka ce daga cikin zannuwan ɗanta aka zaro ta. Kuma da hantsi in ka neme ta sama ko ƙasa ba ka ganinta. Na ce ni dai tsohon maigadin nan na gidan baƙi nake zargi, don na ga ya rina gemu.

Takwara da kunne ɗaya take jin hirata, ɗayan na wurin injuna. Ranar sai na ga cokali ya tsaya.

“Kaka, ƙamshin me kika ce tana yi?”

Na maimaita, na so in koma kan maigadi, don a nan daɗin yake. Ta ce a bar maigadi tukuna. Ta tambaye ni yaushe Gwaggo ta daina aron man. Na ce tun wajen da aka kawo injin. Sai ta cinye abincin tas, har ta ƙara.

Ranar da aka sa, ɗana ya kawo bas ya tsayar a gaban shago, ya buɗe ƙofar baya. Sitati har ya naɗe wayar injin. Takwara ta roƙe shi, Baba Sitati a bar ta ta gwada sau ɗaya tak. Ya ce ai in tana nan ba ya mutuwa, wannan kowa ya sani. Ta ce shi ya sa za ta kunna ta tafi. Ana cikin haka Gwaggo ta ɓullo da kujera da matashi. Takwara ta durƙusa ta gaishe ta, ta daɗe a gaisuwar fiye da kullum, har na ga ta zaga ta bayanta wai tana gyara mata zaman kujera.

Ta zuba jiƙaƙƙun zannuwa, ta danna, inji ya tashi. Ta ɗauki akwatinta ta ce da ƙarfi za ta je bayan kasuwa ta dawo, su jira ta. Ta fita ta yi hannun dama.

Mazan suka tsaya suna kallon inji, ɗana na kaɗa makulli a yatsa. Gwaggo ta ga babu sauran abin kallo, sai ta yi hamma, ta ce bari ta je ta ɗan kishingiɗa. Ta ja kujera ta yi hannun hagu. Ni kuwa mutum bai isa ya ce zai kishingiɗa ya bi hanyar da ba ta ɗakinsa ba in zauna. Na ba ta 'yar rata, na bi ta a hankali, na laɓe a kwanar gini.

Lungun siriri ne, ƙasa duk gansakuka saboda ruwan da ke zuba daga indararo. Gwaggo ta taka shi kamar tsakar ɗakinta. Ta kafa kujera daidai bakin bututu, ta kara siririn matashin don kada ƙarfe ya cije ta, ta jingina bayanta ta toshe ramin ruf. Ta lumshe ido. Na rantse tun da na san matar nan ban taɓa ganin fuskarta da kwanciyar hankali irin na ranar ba. Har wani ɗan murmushi take yi, irin wanda na ɗora wa maigadi alhakinsa.

Ba a daɗe ba gurnanin da ke bayan bango ya ɗauke.

Gwaggo ta buɗe ido ta ja tsaki. “Ka ji mugun inji. Kullum sai na fara jin daɗi yake mutuwa.”

“Sannu da hutawa, Gwaggo.”

Takwara ce, ta zago ta ɗaya bakin lungun, akwati a hannu. Gwaggo ta zabura har matashi ya faɗi. Yarinyar nan ta ɗauka ta kaɗe, ta tsuguna a gabanta, ta yi mata bayani a hankali kamar mai lallashin jariri: injin numfashi yake yi ta ramin nan, in an toshe masa sai zafi ya koma ciki, shi kuma ya kashe kansa don kada shagon ya kama da wuta. Gwaggo ta kalli ramin, ta kalli Takwara. Can ta kama hannunta ta ce ta rufa mata asiri. Ɗanta ya hana ta shiga lungun tun da ta taɓa zamewa a ciki, ya ce in ya ƙara ganinta zai sa a toshe shi da bulo. Ga kuma irin maganganun da ta yi ta yaɓa wa injin a gaban jama'a. Ta ce da wane ido za ta kalli layi.

Ina daga laɓe ina cewa a raina, kada ki yarda, Takwara, ga farar riga can a rataye. Sai na ji ta ce, “Ba zan faɗa ba, Gwaggo.”

Haka aka haife ta. Ba daga wurina ta gado wannan ba.

Na riga su komawa shago, na zauna kamar ban motsa ba. Sitati na tsaye a kan mataccen inji yana tafa hannu, yana ce wa ɗana ka gani da idonka. Takwara ta shigo ta ce ta gano matsalar. Ta ce kuskurenta ne, ta sa bakin bututun ƙasa da yawa, abu na iya tare shi, a ba ta zuwa yamma ta ɗaga shi sama. Sitati ya tambaya wane abu ne ke tare shi. Ta ce abu dai. Ya ce ranar ƙofa ma ta ce ta gano, ranar rariya ma ta ce ta gano, shi ya gaji da ganowa. Ɗana ya dube ta ya ce, “Mamana, in akwai magana ki faɗa.” Ta sunkuyar da kai. Ya jira. Da ya ga shiru, ya sa makulli a aljihu ya naɗe hannun riga, ya kama gefe ɗaya na injin, ya ce wa Sitati ya kama ɗayan.

Gwaggo na rakuɓe a bakin ƙofa, ta ƙanƙame matashi, tana kallon silin.

To ni dai ban yi wa kowa alkawari ba. Kuma ko kalma ban furta a kan lungu ba, Allah ne shaidata. Tashi kawai na yi na ce, “Ƙawata, mayafinki ya karkace, juyo in gyara miki.” Na kama kafaɗunta na juya ta, bayanta ya fuskanci ɗanta.

A tsakiyar baƙin mayafin nan ga zobe na audugar kaya, toka-toka, zagaye cif kamar an ɗora bakin bututun an zana. Sitati kuwa mutum ne da ke hango zare ɗaya a kan riga daga tsallaken titi. Ya saki injin. Ya matso ya tsinci audugar ya murza a yatsa, ya sansana. Ya zare matashin daga hammatar uwarsa ya juya shi, ga zoben da ya shafa wa mayafin a jiki, har ya yi ƙauri.

“Iya,” ya ce, “a ina kike kishingiɗar?”

Gwaggo ta harare ni harara mai kyau, wadda na ci kwana ina jin daɗinta. Daga nan ta miƙe wuya ta ce a lungu, kuma ba ta ga laifinta ba, tun da duk asibitin da ya kai ta babu wanda ya yi mata abin da injin yarinyar nan ya yi mata. Ta ce inji ne mai albarka, ita ta sani tun ranar farko. Mai faci da ke leƙe ta taga ya shaƙe da dariya har sai da aka bubbuga masa baya.

Sitati ya buɗe baki zai soma faɗan lungu, Takwara ta tare shi. Ta ce in ya yarda, za ta bi da bututun ƙarfe ta jikin bangon shagon daga ciki kafin ta fitar da shi can sama kusa da rufi. A sa benci a wurin. Gwaggo ta jingina da gefen bututun ta sha ɗuminta, iska ta wuce abinta, babu mai ƙara taka gansakuka. Sitati ya shafa sitatin rigarsa. Sai ya ce, da murya ƙasa-ƙasa wadda ban san yana da ita ba, “'Yata, ki yafe min bakina.”

Aikin ya kai su yamma. Ɗana bai tafi ba. Da fari yana tsaye a gefe hannu a aljihu, sai na ga ya riƙe mata tsani. Can kuma ya koma miƙa kaya. Ta ce ya ba ta sifana ƙarama ya miƙa babba, ta ce ba wannan ba Baba, ya ce ai ya sani, gwada ta yake yi. Da ta ɗaure noti na ƙarshe aka zuba zannuwa, Gwaggo ta hau benci ta jingina da duk nauyinta. Inji ya yi ta gurnani har ya kai ƙarshe ya tsaya don kansa. Aka sake zubawa, Takwara ta fita ta tsaya a tsallaken titi inda ba zai gan ta ba. Bai ko yi tari ba.

Ɗana ya rufe ƙofar bas ɗinsa babu komai a ciki. Da za mu hau bene ya sunkuya ya ɗauki akwatin kayan aikin, ta ce ya bari ta ɗauka, ya yi kamar bai ji ba. Ina biye da su ina hawa a hankali, ba don gwiwa ba, don matar mai faci na kan baranda, ina so ta gani da kyau.

A falo ya tsaya a bayan ƙofa, ya sauke farar rigar ya ninke ta ya mayar cikin ledarta. Ya ɗaga akwatin ya gwada rataye shi a ƙusar, ƙusa ta lanƙwashe. Ya tsaya yana kallonta.

“Mamana,” ya ce, “nemo mana babbar ƙusa. Kuma in kin samu sarari gobe, fankar bas ɗin nan tana wani kuka.”

Ta ce sai dai jibi, gobe masu gidan baƙi sun ce ta je ta duba musu injin wutarsu.

Gwaggo ta yi fushi da ni har washegari da hantsi, sannan ta aiko a ce min ta matsa, akwai wuri a benci. Yanzu a nan muke zama, baya a jikin bututu, fuska a bakin ƙofa, babu mai wucewa ba mu gan shi ba. Duk wanda ya shigo da wanki ya yaba injin, Gwaggo kan ce ita ta fara gano amfaninsa. Ni kuwa sai in bari ta gama, in tambayi mutumin ko ya san wadda ta haɗa shi, da kuma sunan wa ta ci.